Cornelia Fort: Ta Mutu a Jirgin Soja, Doka Ta Ce Ba Soja Ba Ce

A watan Janairun 2025, 'yan kwanaki bayan Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin soke shirye-shiryen daidaita jinsi da launin fata a ma'aikatun gwamnati, rundunar sojin saman Amurka ta janye wasu darussa daga horon da take ba kurata a sansanin Lackland da ke jihar Texas. Cikin abin da aka janye har da bidiyon matan da suka tuƙa jiragen soja a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda aka fi sani da WASP. Jama'a suka yi ca, 'yan majalisa daga jam'iyyun biyu suka sa baki, cikin 'yan kwanaki aka mayar da bidiyon.

Rahotannin da suka biyo baya sun bar mai karatu cikin ruɗu. Wannan ya ce matan sojoji ne, wancan ya ce fararen hula ne da soja ya ɗauka aiki. Wani ya ce 38 daga cikinsu sun mutu a bakin aikin soja, wani ya ce rundunar ko tuta ba ta lulluɓa wa akwatunan gawarsu ba. Duka gaskiya ne. Abin da ya raba maganganun shi ne shekarar da ake magana a kai da kuma dokar da aka ɗauko. Labarin wadda ta fara mutuwa a cikinsu a bakin aikin kai jirage, Cornelia Fort, wata tsohuwar ɗalibar kwalejin Sarah Lawrence, ya isa ya nuna inda ƙullin yake.

Wace ce Cornelia Fort?

An haife ta ranar 5 ga Fabrairun 1919 a Nashville, babban birnin jihar Tennessee, a gidan masu hannu da shuni. Mahaifinta likita ne, yana kuma cikin waɗanda suka kafa wani babban kamfanin inshora a garin. Ta gama Sarah Lawrence, kusa da birnin New York, a 1939, lokacin makarantar ta mata ce zalla. A 1940 ta fara koyon tuƙin jirgin sama, kafin 1941 ta ƙare har ta zama mai koyarwa, aka ɗauke ta aiki a Honolulu da ke Hawaii.

Da safiyar Lahadi, 7 ga Disamban 1941, tana sama tare da ɗalibinta a ƙaramin jirgin koyo, sai ga wani jirgin yaƙi ya nufo su gadan-gadan. Ta karɓe tuƙin daga hannun ɗalibin ta cilla jirgin sama, ɗayan ya wuce ta ƙarƙashinsu. A nan ta ga jan tambarin Japan a fukafukansa, ta hangi hayaƙi yana tashi daga tashar jiragen ruwan yaƙi ta Pearl Harbor. Ta sauka ana ɓarin wuta a filin, ta tsira. Tana cikin mutanen farko da suka ga harin da ya jefa Amurka cikin yaƙin.

A watan Satumban 1942 wata matuƙiya mai suna Nancy Love ta samu izinin kafa rukunin mata, WAFS, da za su riƙa kwaso sababbin jirage daga masana'antu zuwa sansanonin soja, don a samu sarari a tura maza fagen daga. Cornelia ce ta biyu da ta shiga. Ranar 21 ga Maris 1943, tana cikin ayarin jiragen horo ƙirar BT-13 da suka taso daga Long Beach a California za su Dallas, sai tayar jirgin wani abokin aikinta namiji ta bugi fuffuken nata a kusa da garin Merkel na jihar Texas. Shi ya sauka lafiya. Ita jirginta ya faɗo ƙasa, ta mutu tana da shekara 24, bayan ta yi sama da awa 1,100 tana tuƙi a sararin sama. An binne ta a maƙabartar Mount Olivet a Nashville, aka rubuta a kabarinta cewa an kashe ta tana yi wa ƙasarta hidima. Iyalinta ne suka rubuta hakan. A takardun gwamnati, ma'aikaciya ce farar hula da ta gamu da hatsari a wurin aiki.

Matsayi uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne soja a bakin aiki. A dokar Amurka, wannan shi ne wanda ya yi rantsuwar shiga runduna, aka ba shi muƙami, kotun soja take da iko a kansa, kuma ba shi da damar ajiye aiki ranar da ya ga dama. A lokacin yaƙin, irin wannan mutum yana iya yin inshorar rai ta gwamnati har ta dala 10,000. In ya mutu, rundunar ce ke ɗaukar ɗawainiyar gawarsa, a lulluɓe akwatin da tuta, iyalinsa su rataya ƙyalle mai tauraron zinare a taga, alamar sun rasa ɗa a yaƙi.

Na biyu shi ne farar hula da ke yi wa soja aiki. Hukumar ma'aikatan gwamnati ce ke ɗaukarsa, ana biyansa albashi, yana iya ajiye aiki. A nan aka ajiye Cornelia da abokan aikinta, a kan albashin dala 250 a wata. Suna kwana a bariki, suna fareti, suna bin umarnin hafsoshi, suna tuƙa jiragen da sojoji maza ke tuƙawa, amma babu inshorar soja. Idan ɗaya ta mutu, abin da gwamnati ke bayarwa bai taka kara ya karya ba, sau da yawa abokan aikinta ne ke yin karo-karo a kai gawar gida.

Na uku shi ne tsohon soja, matsayin da ke buɗe ƙofar asibitocin tsofaffin sojoji, da fanshon nakasa, da maƙabartun ƙasa. Shi wannan majalisa tana iya ba da shi daga baya, ko da mutum bai taɓa riƙe matsayi na farko ba. Abin da ya faru ke nan a 1977, kuma daga nan yawancin ruɗun ya samo asali.

Me ya sa aka bar su a farar hula tun farko?

Gaggawa ce ta jawo. Bayan harin Pearl Harbor masana'antun Amurka sun shiga ƙera jirage dubu-dubai, babu isassun matuƙan da za su kwashe su. Mazan da aka ɗauko daga farar hula don wannan aiki akan gwada su na kwana 90, sannan a ba su muƙamin hafsa. An so a bi wannan hanya da matan, sai aka tarar dokar da ta kafa rundunar mata ta lokacin ba ta tanadi hafsa matuƙiya ba, ba ta kuma tanadi alawus ɗin tuƙi ba. Sabuwar doka za ta ci watanni. Ɗauka ta hukumar ma'aikata kuwa ba ta bukatar kowa ya je majalisa. Aka ce a fara a haka, a gyara daga baya.

Akwai kuma saɓanin cikin gida. Ban da rukunin Nancy Love mai ƙwararru 28, wata shahararriyar matuƙiya, Jacqueline Cochran, ta kafa makarantar horar da sababbi, wadda ta zauna a filin Avenger da ke Sweetwater a Texas. Ranar 5 ga Agustan 1943 aka haɗe rukunonin biyu suka zama WASP, Cochran ce shugaba. A wannan shekarar rundunar mata ta sojin ƙasa ta zama cikakken ɓangaren soja, kuma da an shigar da matuƙan ƙarƙashinta da magana ta ƙare. Cochran ta ƙi, ta dage sai dai a ba su rundunarsu mai cin gashin kanta. Masu kare ta suna cewa aikin matuƙi ya bambanta da na akawu da direba, haɗa su zai kashe shirin. Masu sukarta suna cewa ta rufe ƙofar da take a buɗe tana jiran wadda ba a gina ba.

Mata kusan 25,000 suka nemi shiga, aka ɗauki 1,830, waɗanda suka kammala horo 1,074 ne. Sun yi tafiyar mil miliyan 60 a sama. Ban da kai jirage, wasunsu sun riƙa jan ƙyallen auna bindiga a bayan jirgi, sojoji a ƙasa suna harbinsa da harsashi na gaske. Goma sha ɗaya sun mutu a horo, 27 a bakin aiki.

Ba mamaki da yawansu suka fito daga kwalejoji. A 1939 gwamnati ta buɗe shirin koyar da tuƙin jirgi mai rahusa ta hanyar jami'o'i da kwalejoji, aka yarda a ɗauki mace ɗaya a duk maza goma, har zuwa 1941 da aka rufe wa mata ƙofar. Rukunin farko kuwa an nemi kowace ta zo da awa 500 na tuƙi, abin da sai 'yar masu hali ko wadda ta riga ta mayar da tuƙi sana'a. Baƙaƙen fata da suka cancanta, irin su Mildred Carter, an mayar da su saboda launinsu.

Ƙuri'ar 1944

A farkon 1944 Janar Henry Arnold, shugaban sojin sama, ya je majalisa neman a mayar da matan sojoji. Ya makara. A lokacin asarar matuƙa a fagen yaƙin Turai ba ta kai yadda aka yi hasashe ba, aka fara rufe makarantun horo. Dubban maza fararen hula masu koyar da tuƙi suka rasa aiki, kuma rasa aikin yana nufin za a iya kwashe su a kai su sojin ƙasa, inda aka fi mutuwa. Suka yi ta aika wa 'yan majalisa wasiƙu, wasu marubutan jaridu irin su Drew Pearson suka mara musu baya. Wani kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Robert Ramspeck ya fitar da rahoto cewa shirin yana cin kuɗi ba bisa bukata ba.

Hujjar masu adawa ita ce: ga ƙwararrun maza zaune, don me za a kashe kuɗi a horar da mata daga tushe? Hujjar Arnold da magoya bayansa ita ce yawancin mazan ba su cika sharuɗɗan tuƙa manyan jiragen yaƙi ba, matan kuwa suna kan aikin, kuma yawan hatsarinsu bai wuce na maza masu irin aikin ba. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Sai dai gardamar duk a kan makomar shirin aka yi ta, a ci gaba ko a tsaya. Matsayin waɗanda suka riga suka yi aikin, da waɗanda suka riga suka mutu irin Cornelia, tambaya ce daban da aka ɗaure ta a ƙudurin guda, da ƙudurin ya faɗi ta faɗi tare da shi.

Ranar 21 ga Yunin 1944 Majalisar Wakilai ta yi watsi da ƙudurin da ƙuri'a 188 a kan 169. Washegari Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta ba tsofaffin sojojin yaƙin karatu kyauta da rancen gida mai sauƙi, dokar da ta ɗaga miliyoyin iyalai. Matan WASP ba sa ciki. Ranar 20 ga Disamban 1944 aka rushe rukunin, kowace ta kama gabanta.

Gyaran 1977 da iyakarsa

Shekara talatin da 'yan kai maganar tana kwance. Abin da ya tashe ta shi ne sanarwar rundunar sojin sama a tsakiyar shekarun 1970 cewa za ta fara horar da mata matuƙa, aka riƙa yayatawa cewa su ne na farko a tarihi. Tsofaffin matan WASP suka haɗa kai, Bruce Arnold ɗan Janar Arnold ya shige musu gaba, Sanata Barry Goldwater, wanda shi ma aikin kai jirage ya yi a yaƙin, ya ɗauki maganar zuwa Majalisar Dattawa.

Wannan karon masu adawa su ne hukumar kula da tsofaffin sojoji da manyan ƙungiyoyin mazan jiya. Cewa suka yi ba su raina aikin matan ba, amma wanda ke da 'yancin ajiye aiki, wanda kotun soja ba ta da iko a kansa, ba daidai yake da wanda aka ɗaure da rantsuwa ba. In aka buɗe wa waɗannan, sauran fararen hula da suka taimaka a yaƙi za su yi layi. Matan suka kawo shaidar cewa an ba wasunsu bindiga don tsaron jirage, an tura ɗaruruwansu makarantar horar da hafsoshi a Orlando, an kuma riƙa gaya musu muƙami na nan tafe. A ganinsu, kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ranar 23 ga Nuwamban 1977 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da sashenta na 401 ya ce a ɗauki aikin WASP a matsayin aikin soja. Takardun sallama suka fara fitowa a 1979. Amma dokar ta zo da wata gaɓa: matsayin yana aiki ne a kan dokokin da hukumar tsofaffin sojoji ke gudanarwa. Tallafin karatu na mayaƙan yaƙin kuwa ya ƙare tun 1956, ba a biya kowa bashin baya ba. Ga wadda ta mutu a 1943, abin da dokar ta canza shi ne sunan da ake kiranta da shi a hukumance.

Tsoron masu adawa ya tabbata, amma rabi. Sashen na 401 ya buɗe hanyar da wasu rukunoni za su nema, aka kafa kwamitin tantancewa. Matan da suka yi aikin haɗa layin tarho a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sun samu, ma'aikatan jiragen ruwan dakon kaya na yaƙi na biyu sun samu a 1988. Ma'aikatan kamfanin Air America, da suka yi wa hukumar leƙen asiri ta CIA aiki a Laos da Vietnam, sun nema an hana su.

Rikicin maƙabartar Arlington

A 2009 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar ba su lambar zinare ta majalisa, aka miƙa ta a watan Maris 2010. Da yawa sun ɗauka an rufe babin. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Arlington, kusa da birnin Washington, ita ce maƙabartar soja mafi daraja a ƙasar, mutum kusan 400,000 ke kwance a cikinta. Rundunar sojin ƙasa ce ke tafiyar da ita, ba hukumar tsofaffin sojoji ba. Ban da kaburbura, tana da gine-gine masu ƙananan tagogi inda ake ajiye tokar waɗanda aka ƙona gawarsu, al'adar da ta yaɗu a Amurka. Tun 2002 aka yarda a ajiye tokar matan WASP a can. A watan Maris 2015 sakataren sojin ƙasa John McHugh ya soke wannan izini. Lauyoyinsa sun ce dokar 1977 ba ta shafi Arlington ba, kuma in an karanta ta baƙi da baƙi, ba su yi ƙarya ba. Akwai kuma matsalar fili: in aka bar WASP, dole a bar ma'aikatan jiragen ruwa da yawansu ya ninka nasu sau ɗaruruwa.

Wata guda bayan haka Elaine Harmon, tsohuwar ɗalibar Jami'ar Maryland kuma 'yar WASP, ta mutu tana da shekara 95, ta bar wasiyyar a kai tokarta Arlington. Iyalinta suka ajiye tokar a gida suka shiga fafutuka. 'Yar majalisa Martha McSally, wadda ita ma matuƙiyar jirgin yaƙi ce a da, ta gabatar da ƙuduri. Ya wuce Majalisar Wakilai babu ƙuri'ar adawa ko ɗaya, Obama ya sa hannu ranar 20 ga Mayun 2016, aka kai tokar Harmon a watan Satumba.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Ingila ma fararen hula ne matan da suka yi aikin kai jirage, amma a 1943 aka daidaita albashinsu da na maza, kuma waɗanda suka mutu an lissafa su cikin matattun yaƙi. Amy Johnson, tsohuwar ɗalibar Jami'ar Sheffield da jirginta ya faɗa bakin kogin Thames a Janairun 1941, sunanta yana jikin dutsen tunawa da sojin sama a Runnymede. Tarayyar Sobiyat kuwa rundunonin yaƙi na mata ta kafa kai tsaye. Da wadda ta kafa su, Marina Raskova, ta mutu a Janairun 1943, jana'izar ƙasa aka yi mata.

Wa ya riƙe sunayen kafin gwamnati ta waiwayo?

Iyalai da garuruwa da makarantu. Nashville ta sa wa wani ƙaramin filin jirgi sunan Cornelia Fort tun zamanin yaƙin. Ambaliyar 2010 ta lalata shi, yanzu wurin shaƙatawa ne, sunan yana nan. Takardun WASP da hotuna da wasiƙu suna ajiye a Jami'ar Mata ta Texas da ke Denton, su matan da kansu suka zaɓi wurin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin rundunar da ba ta ɗauki mutum a matsayin nata ba, ba za ta sa shi a jerin matattunta ba, sai a koma ga rajistar makaranta da mujallar tsofaffin ɗalibai. Sai dai wannan hanya ta fi yi wa mai gata aiki. Hazel Ying Lee, Ba'amurkiya 'yar asalin China da ta mutu a Nuwamban 1944, tana cikin 38 ɗin. Sai da danginta suka yi jayayya da wata maƙabarta a Portland kafin a bari a binne ta a inda suka zaɓa, saboda an ce ɓangaren fararen fata ne.

Abin da ya shafi mutanen yau

Ga zuriyar matan, dokar 1977 ta ba da damar neman takardar sallama ko da mai aikin ta rasu, da dutsen kabari na gwamnati, da tuta. Kuɗin da iyayen mamatan suka rasa a 1943 da 1944 ba ya dawowa.

Tsarin da ya haifar da matsalar kuwa ƙaruwa ya yi. A yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afghanistan, Amurka ta dogara da 'yan kwangila wajen tuƙa manyan motoci, gadi, dafa abinci da tafinta, da yawansu 'yan ƙasashe irin su Uganda da Nepal. Masu bincike a Jami'ar Brown sun ƙiyasta cewa kusan 8,000 daga cikinsu sun mutu, adadin da ya ɗara na sojojin Amurka sama da 7,000 da aka kashe. Diyyarsu tana bin inshorar da kamfani ya yanka ne, kuma sunayensu ba sa cikin jerin da ma'aikatar tsaro ke fitarwa na sojojin da suka mutu. Mai karatu a Borno ya san irin wannan tambaya a kan 'yan kato da gora, da tun 2013 suke fita tare da sojoji ba tare da matsayin soja ba.

Dokar 2016 ma tana da nata shingen. Toka kawai ta amince a ajiye a Arlington, ba ta ba da kabari a ƙasa ba. Kuma ta tsaya ne a kan rukunonin da aka riga aka amince da su zuwa ranar da aka sa mata hannu. Duk rukunin da kwamitin tantancewa zai amince da shi bayan 20 ga Mayun 2016, in yana son Arlington, sai ya koma majalisa da nasa ƙudurin.